Moɗar Tarlar Haj Abakar

Moɗar nan da ke rataye a bisa ƙofar warsha, wurin aikinmu, wadda jiya na ga ɗayanku ya miƙa hannu zai ciro ya zuba man birki a ciki, ku bar ta inda take. Ba ta shan ruwa ba ce yanzu. Zan gaya muku inda ta fito, amma sai kun fara jin aikin, don wanda bai san yadda tarla, tirelar da mota ke ja, ke tsayuwa ba, ba zai gane yadda na kayar da sunan mutum da ita ba. Mutumin Usta Haruna ne, direba, kuma sai gwanin sana’a ake ce wa Usta. Kun san shi. Shi ne tsohon nan da ke zama a inuwar masallacin kasuwar dawa, wanda har yau wasu marasa kunya ke kira Mai Kifarwa.

Ku gani kuke aikin nan ba komai. Tun da Gadarif ta cika da baƙi, kowa yake son ɗaki mai taya, sai kuka ɗauka akwati ne kawai za a ɗora a kan tayoyi biyu, a yi walda, a shafa shuɗin fenti, mota ta ja. Walda kam kun iya, ban hana ku ba. Amma ko wanda ya yi wata uku a warsha ya iya manna ƙarfe da ƙarfe. Abin da ya sa ake tsallake warsha biyar a zo wurina shi ne in duƙa da alli in ja layi in ce, “Aksil a nan.” Aksil shi ne ƙarfen da ke riƙe tayoyin biyu. Ran tarla duk yana kan layin nan.

Aikina na farko karon jaki ne, amalanken da jaki ke ja. Babana, Sale Maƙeri, bai samu ɗa namiji ba, mu huɗu ne mata, ni ce babba, don haka ni ke zuga masa wuta a rumfarsa ta bayan kasuwa. Wata rana ya gama karon wani mai gawayi, ya ce in loda buhuna mu gani. Ni kuwa don in huta da zagayawa sai na jere su duk a baya, nan kusa da inda nake tsaye. Ina ɗora na ƙarshe sai jakin ya tashi sama, ƙafafu huɗu suna lilo, yana leƙen kasuwa kamar mai neman wani a cikin taro. Masu rumfuna suka kwashe da dariya. Baba bai yi dariya ba, bai kuma doke ni ba. Ya ce, “Kaltume, jakin nan ya riga ki sanin inda nauyi yake. Sauke ki sake.” Na sake sau shida kafin la’asar. Da na gama, na ce to shi ke nan, sai ya ce in cire rabin buhunan mu sake dubawa. Na ce me ya sa? Ya ce, “Mai gawayi sayarwa yake yi a hanya. Karon da ya fita da safe ba shi zai dawo da yamma ba. Ki auna shi da kaya, ki auna shi babu kaya. Sau biyu, kullum.”

Ku riƙe wannan. Ni na riƙe shi shekaru masu yawa, na sake shi rana ɗaya.

Da aka aurar da ni ga Usta Musa mai walda, ban bar wuta ba, na dai canja irinta. A lokacin manyan gonaki suna ta buɗewa, daga Gadambaliya har iyakar Habasha, kowane mai gona yana son tarlar da tarakta za ta ja masa iri da mai. Musa yana walda, ni ina awo. Da Allah ya karɓi ransa, ƙaninsa Idrisu ya ɗauki injin walda, ni na ci gaba da alli. Wasu sun ce mace ba za ta riƙe warsha ba. Waɗanda suka faɗa, yawancinsu na yi musu tarla daga baya.

Kayan aikina ba su da yawa, kun gan su. Igiya mai ƙulli, alli, guduma, awartaki. Ban shiga makaranta ba, ban san abin da lambobin tef ɗinku ke cewa ba, kuma ban taɓa bukata ba. Igiyar nan kowane ƙulli kamu ɗaya ne na hannun Baba. In na ninka ta biyu na san tsakiyar tarla, in na ƙara taƙi ɗaya zuwa baya na san wurin aksil. Sauran kuma a tafin hannu yake. Akwai ƙarfen nan mai tsini da ke fitowa gaba ya kama ƙugiyar mota, mu wuya muke ce masa. In an gama lodi, sai a sa namiji mai matsakaicin ƙarfi ya ɗaga wuyan. In ya ɗaga da nishi har gwiwa, tarla ta yi. In sai mutum biyu, ta yi nauyi a gaba, za ta danne motar. In kuwa ni tsohuwa na ɗaga da hannu ɗaya, to kada ta fita ƙofa, don a hanya wutsiyarta za ta fara kaɗawa, kuma wutsiyar tarla in ta fara ba ta jin birki.

Ɗaki mai taya na farko da na yi, na wani wakilin gona ne da ya gaji da kwana a bukkar da ruwa ke shiga. Mun samo aksil na mataccen lori, muka rage ganyen sifirin don kada ta riƙa tsalle. Na sa kwano biyu, ciki da waje, na cusa tabarmar kaba a tsakani, in ba haka ba da azahar mutum gasuwa zai yi. Tagogi ƙanana, sama, da raga mai ƙananan ido saboda ƙwarin nan na baƙar ƙasa da ke sa zazzaɓi. Na ɗaga cikinta sama sosai, don lakar damina a nan ba laka ba ce, riƙo ne, takan cire wa mutum takalmi ta cire wa mota taya. Kowane akwati a ciki na sa masa sakata, har tukunya na yi mata zobe ta zauna. Wakilin ya ce, “Hajja, sakata har a wurin gishiri?” Na ce, “Je ka dawo.” Ya dawo bayan kaka ya ce in ƙara sakata biyu.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Akwai mai son gado da rumbu da wurin wanka duk a cikin kamu takwas. Akwai wanda zai ce a yi masa mai arha, sannan ya loda mata abin da lori ke ɗauka, ta karye, ya dawo ya ce ƙarfenmu na banza ne. Akwai wani da ya kawo matansa su zaɓi fenti, muka yi kwana uku ba a taɓa guduma ba. Duk na iya da su. Ba na ɗaga murya, igiya nake ɗagawa.

Amma abin da aka san tarlata da shi ita ce moɗa. Kakannina da ƙafa suka zo ƙasar nan daga yamma, da niyyar Makka, kuma kakata ba ta taɓa ba da labarin hanya ba sai ta lissafa waɗanda suka ba su ruwa. Saboda haka duk tarlar da ta fita daga warshar nan, nakan fito da famfo ɗaya waje, a gefen hagu, in rataya moɗa da sarƙa. Sabil ne, ruwan sadaka na mai wucewa. Hanyoyin gonaki cike suke da masu tafiya a ƙasa, masu yankan riɗi, makiyaya, mata da goyo. Direba in ya ga an ɗaga masa hannu sai ya tsaya, a sha, a cika jarka, a yi addu’a. Masu gona ba duka ke so ba, amma wa zai buɗe baki ya ce a cire? Har sauran warsha suka fara kwaikwayo. In an hango tarla da moɗa tana lilo a gefe, sai a ce ta Hajja Kaltume ce. Ina jin daɗin wannan fiye da yadda ya kamata.

To, mu zo ga shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri.

Haj Abakar yana da gonar riɗi can cikin Fashaga, nesa da kowane ƙauye. Ku da kuka tashi a gari ba ku san riɗi ba. In ya nuna, kwanaki kaɗan ne gare ka. Ka yanke ka ɗaure, ko kwanson ya buɗe ya zubar da shi a tsagar ƙasa, ba mai tsince shi sai tururuwa. Masu yanka kuma ba sa zama inda babu tuwon asida da ruwa. Shi ya sa ya zo ya ce yana son tarlar da ba a taɓa yi ba: wurin kwana a tsakiya, rumbun dawa da busasshen kifi da kuɓewa, ruwa mai yawa, sannan ƙaramin injin niƙa, don a riƙa ba mutane gari sabo. Ya zo da abokansa biyu. A gabansu na ninka igiya, na ja layi, na ce musu allina ba ya zane sau biyu.

Injin sai daga baya aka kawo shi, kuma ya fi yadda aka kwatanta mini nauyi. Wurinsa dole baya ne, saboda hayaƙi da ƙofar zuba dawa. Da muka ɗora shi, wuyan tarla ya tashi da kansa kamar jakin mai gawayi.

Idrisu ya cire gilashin walda ya ce, “Yaya, mu ja aksil baya kamu ɗaya.”

Na ce, “An riga an yi walda.”

“Ni na yi, ni zan yanke. Wuni ɗaya ne.”

“Wuni ɗaya a kakar riɗi? Je ka gaya wa Haj Abakar da bakinka.”

Ba wunin ba ne. Layin ne, da mutum uku da suka ga na ja shi. Sai na ce a kawo gangunan ruwa uku, a ɗaure su a gaba, a bisa wuya, a haɗa su da bututu ɗaya zuwa famfon waje. Aka cika su. Wuyan ya sauka ya zauna daram. Na ce wa Idrisu, “Ka gani? Ruwa zai riƙe ta.” Ya dube ni, ya dubi moɗar da nake ratayawa, ya mayar da gilashinsa.

Usta Haruna shi zai ja ta da boksin Haj Abakar, motar nan mai buɗaɗɗen baya. A duk Gadarif ba direban da ya kai shi sanyin ƙafa. Masu yanka suna tsokanarsa cewa in ya wuce ka, kana iya tsayawa ka yi azahar, ka biyo shi a ƙasa ka cim masa. Shekara ashirin yana tuƙi ko kaza bai taka ba. Da safen tafiya ya zagaya tarlar, ya duba ƙugiya, ya duba sarƙa, ya duƙa ya ɗaga wuya. Ya yi nishi, ya kai gwiwa, ya ajiye.

Ya ce, “Hajja, yanzu kam tamam, ta yi daidai. To in gangunan nan suka yi sauƙi fa?”

Na ce, “Kai raƙumi ne? Ganga uku za ka shanye tsakanin nan da Fashaga?”

“Ba ni kaɗai ke hanya ba.”

“To ka sha biyu, ka rage mini ɗaya in yi wanki.”

Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, ya goge hannu da tsumma ya shiga mota. Abin da ya rage kawai in ce a juye ruwan a sake ɗagawa. Rabin sa’a ne. Ban ce ba.

Abin da ya faru a hanya daga baya na haɗa shi. Shekarar nan tafkunan hanya duk sun ƙafe tun kafin kaka. Bai yi nisa da gari ba aka fara ɗaga masa hannu, yana tsayawa. Da rana ta take ya tarar da lori cike da masu yanka, ya lalace kwana biyu a fili, ba inuwa ba rijiya. Suka sha, suka cika jarkoki, aka zuba wa lorin ma. Ya bar wurin gangunan suna ƙara kamar kalangu. Washegari da hantsi, yana gangarawa wani kwari, wutsiya ta fara kaɗawa. Ya taka birki a hankali, injin niƙa ya danna baya, wuya ya ɗaga ƙafafun motar na baya daga ƙasa, tarla ta juya ta kife, ta ja boksin ya kwanta a gefe. Ba wanda ya mutu. Haruna ya karye a kafaɗa. Injin ya tsage, dawa da man dizil suka cakuɗe. Masu yanka a gona suka jira kwana biyu ba abinci ba ruwa, suka ɗauki laujensu suka koma gonar maƙwabci. Riɗin Haj Abakar ya zube a tsaye.

Ni da Idrisu muka fara isa wurin da tarakta, don mu jawo abin da ya saura. An riga an kai Haruna asibiti. Haj Abakar da dattawa biyu suna bayanmu a wata mota, za su zo su gani da idonsu. Na sauka na je wurin gangunan. Ba wadda ta fashe, murfinsu a rufe. Na ƙwanƙwasa da zobena, ɗaya, biyu, uku. Babu komai a ciki. Moɗar tana nan a sarƙarta, ta ɗan lotse a baki.

Na ciro awartaki na yanke sarƙar, na sa moɗar cikin lafayata. Na kwance famfon na jefa cikin ciyawa. Na sa guduma na fasa bututun a gindinsa, yadda duk wanda ya gani zai ce faɗuwa ce ta karya shi, ruwan ya tsiyaye, baƙar ƙasa ta shanye.

Idrisu ya ce, “Yaya, me kike yi?”

“Kayanmu nake kwashewa.”

“Moɗa ce kayanmu?”

“Ɗaura sarƙa, Idrisu. Rana tana yi.”

Ya ɗaura. Da aka gama kakar nan ya tattara injinsa ya koma Hawata ya buɗe tasa rumfar. Bai faɗa wa kowa ba, ni ma bai sake ɗaga mini maganar ba har ya rasu. Yana zuwa suna da biki, yana gaishe ni da ladabi. Bai dai sake shan shayi a warshar nan ba.

Aka zauna a gindin darbejiyar tashar lori don a gano mai laifi, bayan Haruna ya fito daga asibiti, hannunsa rataye a wuya. Babban dattijon ya fara da ni. Na ce tarla ta bar warsha daidai take, kuma shi direban da hannunsa ya ɗaga wuya a gaban jama’a ya ce tamam. Ko kalma ɗaya ba ƙarya a ciki, shi ya sa ta fi ƙarya muni.

Aka juya wurinsa. “Usta, gudu ka yi?”

“Ban yi gudu ba.”

Haj Abakar ya ce, “To in ba ka yi gudu ba, aljani ne ya ture ta?”

Haruna ya ɗago ya dube ni. Na jira ya ce ruwa. Na riga na shirya amsa, zan ce wane ruwa, ga bututu nan a karye kowa ya gani. Bai ce ba. Ya ce, “Ni ina riƙe da sitiyari, ita tana bayana. Abin da Allah ya rubuta ya faru.”

Da na yi shiru a nan, da wataƙila an bar ta a ƙaddara. Sai na ce, “Tarlata dai ba ta taɓa kifewa ba sai a hannunsa.”

Aka shafa fatiha, aka watse. Kafin sati, sunan Mai Kifarwa ya kama shi. Ba mai gonar da ya sake ba shi makulli. Ya je Hawata, labarin ya riga shi. Ya dawo ya sayi jaki da karo mai ganga, ya shiga sayar da ruwa unguwa-unguwa, shi da ya yi shekara ashirin a bayan sitiyari. Kullum da hantsi yakan bi ta ƙofar nan yana buga gangar da sanda. Yakan ce, “Hajja, ruwa?” Nakan ce daga ciki, “Muna da shi.” Ko babu.

Ni kuwa aiki ya ci gaba, har ya ƙaru. Tun daga ranar ban sake ɗora ganga a wuya ba. Ruwa a bisa aksil yake zama, daidai tsakiya, yadda ko cike ko babu, tarla ba ta sani ba. Duk abin da ke ƙarewa a hanya, ruwa ne, mai ne, dawa ce, wurinsa kan tayoyi. Abin da ba ya motsi, shi ake daidaita tarla da shi. Sauran warsha suka kwaikwaya, aka riƙa cewa Hajja Kaltume ta sake fito da dabara. Ina karɓar yabon. Moɗar tana ƙasan akwatina, a naɗe cikin tsohon ɗankwali.

Haka muka yi har ya canja jaki uku, gemunsa ya yi fari, ni haƙorana suka fara tafiya. Wata rana muna gwajin wata tarla, ruwan famfo ya ɗauke, ba yadda zan yi, aka kira shi ya cika mana ganga. Yana tsaye yana riƙe da tiyo sai mai tarlar, wani da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da abin ya faru, ya ce, “Hajja, ki yi mini ita yadda ko Haruna Mai Kifarwa ba zai iya kifar da ita ba.” Bai ma san shi ne a gabansa ba. Haruna ya gama cika gangar, ya naɗe tiyo, ya ce, “Za ta yi, ɗana. Hannun Hajja ne.” Ya ja jakinsa ya fita.

Ran Juma’a bayan an sauko na ɗauki moɗar na tafi gindin darbejiyar. Haj Abakar ya riga ya rasu, dattawan nan duk sun rasu. Direbobi ne kawai ke shan jabana, gahawarmu ta nan, da Haruna a gefe a kan benci. Na tsaya a tsaye, ban yi sallama mai tsawo ba. Na faɗi layin da na ƙi sakewa, da gangunan, da gwaji na biyu da ban yi ba, da awartaki, da guduma. Na kwance ɗankwalin na ajiye moɗar a kan tire. Wasu sun sunkuyar da kai. Wasu ba su ma san wace tarla ake magana ba, sai da aka yi musu bayani.

Haruna ya ɗauki moɗar ya juya ta, ya shafa wurin da ta lotse. Ya ce, “Hajja, kin daɗe a hanya. Ni da ake ce wa sanyin ƙafa ban taɓa yin irin wannan lattin ba.”

Na ce, “Ka sani?”

“Ni na juye ruwan, ya ba zan sani ba? Da aka jawo ta gari na je da karyayyar kafaɗa na duba. Na ga ba famfo, ba moɗa.”

“To me ya hana ka faɗa a ranar?”

Ya ce, “Ke kin san masu gona. Da na ce sabil ne ya kifar da ita, kafin kaka ta gaba ba tarlar da za ta fita da moɗa. Duk direban da ya tsaya ya ba da ruwa sai a ce zai yi irin ta Haruna. Ni na ga mutanen lorin nan, Hajja. Akwai wanda harshensa ya kumbura ba ya iya godiya.” Ya kurɓi jabana. “Na ɗauka dai ke za ki faɗi naki rabin. Kin san hannuna, na san naki.”

Ni da na rataya moɗar don a yabe ni, ni na yanke ta don kada a zarge ni. Shi da ba shi ya rataya ba, shi ya tsare ta da sunansa.

Na ce ya riƙe ta. Ya miƙo mini. Ya ce, “Me zan yi da ita? Ina da tawa a karo. Kai ta inda masu awo za su riƙa gani.”

Wani mai lori a wurin ya ce gobe Haruna ya zo ya karɓi makulli. Haruna ya yi dariya ya ce yanzu ko jakinsa sai ya matso yake gane shi. Idon ya riga ya tafi. Abin da na mayar masa ke nan, suna a lokacin da ba zai tuƙa komai da shi ba, kuma ko sunan bai dawo duka ba, don waɗanda suka ji ni a gindin darbejiya ba su kai waɗanda suka ji na farko yawa ba. Shi ya sa nake gaya muku, ku ma ku gaya wa na bayanku. In kun wuce shi a inuwar masallaci, Usta za ku ce. Wanda ya kira ɗaya sunan a gabanku, ku ce masa Kaltume ce ta kifar da ita, ga warsharta can, ya zo ya tambaye ta.

Ga tarlar mai gonar Gadambaliya nan a tsakar warsha, kun ce kun gama, kun ɗaga wuya ya kai gwiwa. Na gani, ya yi kyau. Yanzu ku buɗe famfon ku juye ruwan a randunan maƙwabta, ku sauke buhunan, ku sake ɗagawa ina kallo.